Ga Masu Karatun Kasuwanci: Ku Koyi Ƙarasa Aiki

'Ya'yana da ƙannena masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, da ku nake. Yawancinku ma'aikata ne. Wani yana banki a titin Zoo, wata tana sashen kuɗi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wani kuma shagon mahaifinsa yake riƙe da shi a Farm Centre. Ranar karatu ku ratso ta Dangi ku nufi Jami'ar Bayero, inda Gidauniyar Aliko Dangote ta gina wa makarantar kasuwanci mazauni ta miƙa a 2018. Cikin darussan da za a ɗora muku akwai guda biyu da nake so mu yi magana a kansu: yadda ake tafiyar da aiki tun daga tsarawa har zuwa miƙawa, da yadda ake ƙirƙiro sabuwar haja har ta isa hannun mai saye. Na ga ɗalibai da dama sun ci jarrabawar darussan nan da maki mai kyau, amma da aka damƙa musu gyaran ofis guda a wurin aikinsu, wa'adi ya wuce, kuɗi suka ƙare, aiki na nan tsaye. Abin yana damuna ƙwarai, domin ku ne gobe za a miƙa wa dukiyar jama'a.

Ku zaga Darmanawa da Daurawa da Hotoro da ƙafa wata safiya, ku ƙirga kangaye. Ga gini ya tsaya a linta, rodi ya miƙe sama ya yi tsatsa, tarin yashin da tifa ta sauke yara sun baje shi, ciyawa ta cika inda aka yi niyyar falo. Kowane kango da kuka gani gumin wani bawan Allah ne, wataƙila kuɗin sallamarsa daga aiki, wataƙila gadon marayu. In ka tambaya sai a ce kuɗi ne suka yanke. Haka ne, amma me ya sa suka yanke a linta? Sau da yawa ba a yi lissafin ginin har zuwa kwano da wayarin da fenti ba kafin a haƙa fandisho. Wani lokacin kuma an yi lissafin, sai ana tsakiyar aiki maigida ya ga ginin maƙwabci ya ce shi ma a ɗora masa bene. Kanawa ba a bar mu a baya ba wajen fara abu. Ƙarasawa ce ke ba mu wuya, kuma ilimin da ake koya muku a ajin nan, in aka tace shi, ilimin ƙarasawa ne.

Kowane aiki yana tsaye ne a kan abu uku: girmansa, lokacinsa, da kuɗinsa. Ba a taɓa ɗaya sauran biyun su zauna lafiya. Wannan kowa ya haddace shi tun makon farko, kuma a takardar jarrabawa ba mai faɗuwa a kansa. Inda ake faɗuwa shi ne ranar da Alhaji ya zo duba gini, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaro, a fitar mini da shago biyu ta nan gaba." Kai kuma ɗan cikinsa ne a shekaru, shi ya ɗauke ka aiki, wataƙila abokin mahaifinka ne. Bakinka zai yi nauyi, ka ce "To, Alhaji, an gama," alhali ka san shagunan nan za su cinye kuɗin rufi. Bayan wata uku in gini ya tsaya, ba zai tuna da shagunan ba, kai zai tuna.

Abin da ya kamata ka faɗa ba ya bukatar rashin kunya ko kaɗan. Ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, za a iya. Ka ba ni zuwa gobe in kawo maka abin da zai ci da kwanakin da zai ƙara." Gobe ka zo da takarda, ka karanta masa, ya amince ko ya fasa, in ya amince ya sa hannu. Na san wasu na ganin neman sa hannun babba kamar tuhumarsa ne. Ku tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara umarta da haka sun fi mu riƙon amana nesa ba kusa ba. Rubutu yana kare zumunci. Na ga 'yan uwa na jini sun daina gaisawa saboda kafin alƙalamin da aka bayar ba takarda, ɗaya na cewa kuɗin kayan aiki ne, ɗaya na cewa har da ladan magina a ciki. Duk wanda zai koya muku tafiyar da aiki a garin nan bai koya muku yadda ake faɗa wa babba gaskiya cikin ladabi ba, ya bar rabin darasin.

Sai maganar jadawali. Za a nuna muku zanen nan mai sanduna a kwance wanda injiniyan Amurka Henry Gantt ya yaɗa a shekarun 1910, sannan a koya muku dabarar da kamfanin DuPont ya fito da ita a 1957 don gano ayyukan da jinkirinsu ke jinkirta komai. Kada lissafin ya ruɗe ku, ma'anarsa a fili take. Ɗauki ginin shaguna mai hawa ɗaya a bakin titin Maiduguri. Sai an haƙa fandisho a ɗora bulo, sai bulo ya kai a zuba linta, sai kafinta ya kafa katako, mai rodi ya ɗaure rodinsa, sannan a zuba kankaren bene. Daga nan kuma sai jira. Injiniyoyi a kwana 28 suke auna cikar ƙarfin kankare, kuma magini mai tsoron Allah ba ya cire katakon da ya tallafe shi da wuri, yana ta ba shi ruwa safe da yamma. Ko leburori ɗari ka ƙaro ba za su rage maka kwana ɗaya daga wannan jiran ba. Wannan jeri shi ne ƙashin bayan jadawalinka: kwana ɗaya ya zame a cikinsa, ranar miƙa makulli ta zame. Amma ƙofofi da tagogi da ke wurin mai walda, da tayil da za a saro, suna da sarari. Ana iya ba da aikinsu tun ana fandisho, kuma in sun makara da mako guda ba abin da ya lalace. Manajan da bai rarrabe waɗannan biyun ba, za ka same shi ya yini a kasuwa yana zaɓen launin fenti, alhali mai rodi bai zo ba kwana uku kuma ba wanda ya kira shi.

Kada ku ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. Shahararren gidan wasan nan na birnin Sidni a Ostareliya an fara gina shi a 1959 da niyyar gamawa a 1963 a kan dalar ƙasar miliyan 7. Sai a 1973 aka buɗe shi, bayan ya ci miliyan 102. Babban dalili shi ne an matsa a fara gini kafin a warware yadda za a yi rufin. Gaggawar aza tubali don a ga an fara tana da tsada a ko'ina.

Abin da na fi so ku ba wa lokaci shi ne tanadin abin da ka iya faruwa. A aji za a ce ku jera haɗurran da ke iya samun aiki, ku auna yiwuwar kowanne da girman ɓarnarsa. Ɗalibai kan cika shafin da abin da suka kwafo daga littafi, har da girgizar ƙasa, su bar abin da ke gabansu. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka cire tallafin mai, aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, buhun siminti kuma ya ninka kuɗinsa. Duk ɗan kwangilar da ya karɓi aiki a kan tsayayyen farashi a tsakanin nan, bai sayi kaya da wuri ba, bai kuma rubuta sharaɗin sake duba farashi ba, ya san abin da ya gani. Ranar Babbar Sallah ta 2025 gobara ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre, a nan Tarauni, ta cinye shaguna da dukiya mai yawa. Allah Ya mayar musu da alheri. Ƙaddara ce, ba mai ja. Amma ɗalibin kasuwanci ya kamata ya zauna da waɗanda abin ya shafa cikin tausayawa ya tambaya: wa ya raba kayansa wuri biyu? Wa ke da lissafin bashinsa a wani wurin da ba littafin da ke cikin shagon ba? Wa ya taɓa jin labarin inshorar takaful? Amsoshin da zai samu sun fi babi guda na littafi amfani.

Ga kuma Kadawa, ƙasa da tafiyar awa ɗaya daga Unguwa Uku. A 2016 aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote a can, wadda aka tsara ta niƙa tan 1,200 a rana, a tsakiyar gonakin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Inji ya zo, gini ya kammala. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta faɗa wa gonaki, tumatir ya yi wuya, masana'anta ta tsaya. Bayan an sake buɗewa ma samun isasshen tumatir ya ci gaba da zama matsala, domin duk lokacin da farashin kasuwa ya fi na kamfani, manomi kwandonsa kasuwa zai kai, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Darasin da ke nan babba ne. Aikin bai ƙare a katangar masana'anta ba. Iri da maganin feshi da yarjejeniya da manomi duk cikin aikin suke, ko da ba su fito a zanen injiniya ba. Idan masu jari irin wannan sun gamu da haka, kai mai ƙaramin jari sai ka ninka tambaya kafin ka sayi inji: abin da zan zuba masa daga ina zai riƙa zuwa, wata goma sha biyu na shekara?

Wannan ya kawo mu ga haja. A nan tarihin garinmu ya ishe mu makaranta. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan Ingila auduga suka sa rai za su riƙa kwasa zuwa masaƙunsu. Sun yi lissafi, sun kafa injin gurzar auduga a Zariya. Abin da ba su auna da kyau ba shi ne manomin Kano da masaƙan Kano. Masaƙa na gida suna sayen auduga da daraja, manomi kuma ya ga gyaɗa ta fi masa riba, ga shi in kasuwa ta ƙi zai iya ci da iyalinsa. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka san ƙauyuka da mutanensu tun zamanin fataucin goro, suka shiga tsakani, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta cika tashar jirgi, har aka kai ga dalar gyaɗa da duniya ta san Kano da ita. Masu taswira da jari sun tsara abu ɗaya, masu sanin mutane suka ga wani.

Har gobe haka abin yake. Ɗalibi zai zauna a ɗaki da kwamfuta ya tsara manhaja ko sabon abin sha, ya zana tambari mai kyau, ya yi hasashen ribar shekara biyar, bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗaya ya ce "ga shi, nawa za ka saya?" ba. In an matsa masa ya yi bincike, sai ya tura tambayoyi a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu da danginsa, kowa ya ce masa abin ya yi kyau, Allah Ya sa albarka. Bahaushe ba ya kushe maka abu a gaban idonka. Yabon da za ka dogara da shi ɗaya ne: mutum ya sa hannu a aljihu ya biya, sannan ya dawo ya sake saye ba tare da ka kira shi ba.

Ɗauki mai son fito da yajin daddawa na roba. Kafin ta kashe jarinta a injin liƙe leda da buga takardar manne dubu goma, ta daka kaɗan, ta zuba a mazubi iri biyu ko uku, ta kai wa masu shago biyar a kasuwar Tarauni da lungunan Gyaɗi-Gyaɗi, ta roƙi arziki a bar ta ta zauna a gefen kanta na awa biyu. Za ta ga abin da takardar tambayoyi ba za ta taɓa nuna mata ba. Za ta ga uwar gida ta ɗauki babbar roba ta juya ta, ta tambayi kuɗi, ta ajiye, ta ce a ba ta ƙullin da ta saba. Za ta ga yaron da aka aiko da canji a dunƙule a hannu, wanda ba shi da ikon sauya abin da aka ce ya sayo. Za ta ji mai shago na cewa murfin yana zubarwa, ko damina ta sa yajin ya dunƙule, ko ribar da ta bar masa ba ta kai ya ba ta gaban kanta ba. Ta koma ta gyara, ta sake kawowa. Sai abin ya karɓu sannan ta nufi rajistar suna da lambar NAFDAC, kuma ta sa watannin jiran lambar a cikin jadawalinta tun farko. Da irin wannan lura ne madarar Cowbell, wadda ta shigo Najeriya a 1993, ta samu shiga: ta zo a ƙananan ƙunshi daidai aljihun mai sayen na yau kawai, a lokacin da madarar gari ta gwangwani ta fi ƙarfin talaka. Masana na kiran irin gwajin da mai yajin nan ta yi fitar da samfur mafi ƙanƙanta a gwada kafin a zuba jari, kuma littafin Eric Ries na 2011 ya yaɗa shi a duniya. Iyayenmu mata masu sana'ar cikin gida sun daɗe suna yi: a ɗora wa yarinya kaɗan a faranti, in ya ƙare gobe a ƙara, in ya yi kwantai a sake hannu.

A titin Zoo ma akwai darasin da ke jiran mai rubutawa. Shoprite ta buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero a 2014, jama'a suka yi ta tururuwa, a watan Janairun 2024 ta rufe reshen, ta ce yanayin kasuwanci ne. A kan titin nan dai Sahad na ci gaba da ciniki, manyan kantuna na 'yan gida kuma sai ƙaruwa suke. Me ya bambanta su? Kuɗin haya ne, ko inda ake saro kaya, ko sanin abin da gidan Bakano ke saye ranar albashi da lokacin azumi da na haɗa lefe? Wannan tambaya ta isa kundin digiri guda, kuma ta fi maimaita binciken da aka yi sau ɗari a kan ƙwarin gwiwar ma'aikatan banki.

Ku kuma matasan malamai da aka fara ba ku waɗannan darussa, ina da roƙo gare ku. Koyarwa da labarin kamfanoni, wadda makarantar kasuwanci ta Harvard ta shahara da ita tun shekarun 1920, hanya ce mai kyau, amma labaran da ke cikin littattafanmu na ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ne, kotu kuma na yanke shari'ar kwangila da wuri. Ku karantar da su, sannan ku rubuta namu. Ku gayyato dattijon da ya shekara talatin yana saro kaya a Kantin Kwari, ko mai fitar da riɗi daga Dawanau, ko matar da ke dafa abincin biki na mutum dubu ta kai a kan lokaci, ku ba su kujerar girma a gaban aji, a yi hirar da Hausa in ita ta fi musu daɗi. Kuma kada ku bari zango ya ƙare a takarda kaɗai. Kowane rukuni ya ɗauki aiki na gaske mai ƙaramin kuɗi da tsayayyar rana da mutumin da zai karɓa: gyaran famfon wata makarantar Islamiyya, tsara layin marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin unguwa, fito da haja ɗaya a baje ta a kasuwar baje koli ta titin Zoo. A ba da maki a kan abin da aka miƙa da kuma gaskiyar rahoton, har da na rukunin da ya gaza amma ya iya bayyana inda igiya ta tsinke. Ku sa ido a kan aikin rukuni, domin mun san yadda ake yi: mutum biyu su yi wahala, shida su kawo suna da kuɗin buga takarda. Wanda ya saba da haka a aji, a ofis ma sa hannu kawai zai iya.

Akwai wasu kalmomi da nake so ku yi hattara da su a bakinku: "an kusa," "saura kaɗan," "gobe in sha Allahu" alhali zuciyarka ta san ko jibi ba zai yiwu ba. Ambaton Allah a kan alƙawarin da ba ka yi niyyar cikawa ba abu ne mai nauyi. Mummunan labari in ya zo da wuri ana iya yi masa magani, a nemo kuɗi, a rage girman aiki, a ɗaga rana cikin mutunci. In ka ɓoye shi sai ranar miƙawa, ka hana maigidanka duk wata dabara, ka kuma zubar da yardar da ba a saye da kuɗi. Haka nan haƙƙin na ƙasa da kai. Leburan da ya yini yana ɗaukar kankare a kwano, kuɗinsa na cikin kasafi kamar yadda siminti yake, kada ya zama shi ne ake jinkirta wa biya duk ranar da lissafi ya ƙi.

Saboda haka kafin wannan zango ya ƙare, kowannenku ya zaɓi aiki ɗaya da zai iya gamawa cikin mako shida da kuɗin da ba za su karya shi ba. Ya rubuta abin da zai miƙa, da ranar, da abin da zai ci, a shafi guda, ya ba wani babba da yake jin nauyinsa ya ajiye. Ranar da wa'adi ya cika ya je da ƙafarsa a buɗe takardar a gabansa. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku zama masu cika alƙawari.